Sai Babba Ya Sa Baki

Ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji Danjuma ya kwance mini zani a kasuwa ba. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a garin Silver Spring na Amurka a matsayin mataimakiyar likita. Ga waɗanda ba su san aikin ba, muna duba marar lafiya, mu rubuta magani, amma a ƙarƙashin kulawar likita. A shekarun nan ana ta muhawara kan wani ƙudirin doka da zai sassauta wannan kulawa, ni kuwa bakina ya fi na kowa ƙarfi.

Da safen ranar ma sai da na ce wa likitan da ke kula da ni, wani matashin Bature da na girme wa nesa ba kusa ba: "Dakta, dokar nan na wucewa ka huta da ni."

Ana jibi azumi Alhaji ya zo. Mutumin Kumasi ne mai shago a Wheaton, sukarinsa ya yi sama, yana kan allura, ga ƙoda ta fara gajiya. Na ce masa bana azumi zai iya kayar da shi, ya ciyar kawai. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na san taurin kansa.

Ya ce, "'Yata, kin yi ƙoƙari. Amma maganar ajiye azumi ba ta yara ba ce. Kira mini babbanku."

Haka na haɗiye girman kaina na je na kira Dakta. Ya duba sakamakon, ya tsaya gaban Alhaji, ya nuna ni ya ce da Turanci: "Abin da ta ce, shi na ce." Ya fita abinsa.

Alhaji ya gyara hula. "To, yanzu na ji magana." Bai yi azumin ba.

Bayan salla na tafi hutu, Alhaji ya dawo, Dakta ya canza masa magani. Ina dawowa Dakta ya tare ni yana dariya. Ashe Alhaji ya karɓi maganin amma ya ƙi sha, wai sai 'yarsa, wato ni, ta duba tukuna, tunda babba da bakinsa ya ce maganarta ita ce magana.

"Dokarki ta wuce," in ji Dakta. "Yanzu ke ke kula da ni."

Har gobe ina goyon bayan ƙudirin. Amma ku 'yan baya ku riƙe wannan: majalisa na iya ba ku izinin rubuta magani, izinin a sha kuwa yana hannun irin su Alhaji.