Froilán Ya Kira Gayya Daga Kan Doki

A gefenmu na tsibirin Chiloé babu wanda ya taɓa ganin Froilán Chiguay ya zauna har kujera ta yi ɗumi. Cewa ake ya ci ƙafar kare. In an tsokane shi sai ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kafin ka ba shi amsa ya kai bakin ƙofa. Tun yana saurayi, da lokacin askin tumaki ya kama sai ya ɗaure ƙunshinsa ya bi jirgin ruwa zuwa Patagoniya. Daga wannan garke zuwa wancan, wani zubin har ya tsallaka Ajantina, ba ya dawowa sai an gama haƙar dankali. Da ya kwana biyu a gida kuma za ka gan shi yana leƙen teku kamar wanda ya bar tukunya a wuta a can ƙetare.

Matarsa Eduvina ce ta riƙe gidan. Ita ta reni 'yarsu Ninfa, ita ke zuwa gayyar maƙwabta a madadinsa. Sana'arta cirar gansakuka a fadamar bayan ƙauye, inda ƙasa ke lotsawa tana rawa in ka taka, baƙin ruwa ya ɓulɓulo gefen takalminka. Da hannu take cira, ta goyo buhun a baya, ta shanya, masu lambun furanni su aiko a kwasa.

Daga baya aka hana cirar, aka mai da fadamar wurin da ake karewa. Aka shimfiɗa hanyar katako a kanta, iyalai suka riƙa zuwa ranar Lahadi, ana tura jarirai a keke, ana nuna wa yara kwaɗi da ɗan tsiron nan mai kama ƙuda. A lokacin ciwon gwiwa ya raba Froilán da aski, sai ya samu aikin gyaran katakon. Aikin ya yi masa daidai, tunda kai da komo ne wuni guda, guduma a hannu, ƙusa a baki.

Ana haka ɓarin jikin Eduvina ya shanye, sai a keken guragu ake tura ta. Ninfa, wadda ke aiki a birnin Puerto Montt a ƙetaren ruwa, ta ce za ta tafi da ita kusa da asibiti. Ɗakinta ba zai ɗauki mutum uku ba, kuma dole wani ya tsaya wa tumaki da gonar dankali, don haka Froilán ne zai zauna. Aka sa ranar tafiya, Lahadin sama. Abu ɗaya Eduvina ta roƙa da harshenta da ya yi nauyi: a kai ta bakin ɗan tafkin da ke tsakiyar fadamar kafin ta tafi. Ba ta faɗi dalili ba, shi ma bai tsaya tambaya ba.

Hanyar katakon kuwa ba ta kai tafkin ba. Sauran katakon yana jibge a bakin shiga, ana jiran baɗi. Matar da ke kula da wurin ta ce in Froilán ya samu hannuwa ya shimfiɗa, muddin za a bi turakun da aka kafa, kuma kada a shigar da shanu su tattake gansakukar. Ke nan sai a kafaɗa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Froilán ya ɗaura wa dokinsa sirdi, ya zaga ƙauyen kaf kafin rana ta take. Duk gidan da ya je, daga bakin shinge yake ƙwala kira, yana bisa doki: gayya ranar Asabar a fadama, a zo da guduma. Ya dawo yana yaba wa kansa, wai abin da ke cin mutane mako guda shi da hantsi ya gama. Ya yanka rago, Ninfa ta soya wainar dankali kwano guda.

Asabar ta zo, ko kare bai leƙo ba. Froilán ya je bakin hanya ya dawo, ya koma, ya duba nama, ya sake komawa. Da zuciya ta ɗebe shi ya saɓi katako shi kaɗai, ya zame, ƙafa ta nutse har cinya. A haka, da laka har cinya, ya nufi gidan Hermógenes Barría, wanda ya riƙe Ninfa a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre.

Hermógenes ya dube shi sama da ƙasa. “Kompadre, kiran gayya ka yi, ko korar tumaki?”

“Ai na faɗa wa kowa.”

“Ka faɗa wa shingen kowa. Ko can Patagoniya haka ake yi, mai garke ya daka tsawa ku taru? Nan gayya roƙo ce, ba a kuwa roƙo daga sama. Matarka ta san inda cokalina yake a kicin, kai ko launin murhuna ba ka sani ba. Mun ɗauka in da gaske kake za ka sauko.”

Maganar ta yi wa Froilán zafi, don gaskiya ce. Ya manta cewa zumunta a ƙafa take, shi da ya ƙare ƙafarsa a ƙasar wasu.

Washegari ya bar doki a ɗaure, ya fara bin gidaje. Kowa a nan ya san yadda ake yi. Ka shiga, ka zauna a bencin bayan murhu, a zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, ganyen da muke sha kamar shayi, ya zaga hannu hannu, a yi hirar ruwan sama da ciwon dankali, sai can mai gida ya tambaye ka abin da ke tafe da kai. Ga Froilán wannan azaba ce. Ƙafarsa na karkarwa a ƙarƙashin benci, idonsa na taga, yana ganin kwanaki na zubewa. Wata gwauruwa, Doña Orfelina, da gangan ta riƙa ƙara ruwa a buta tana kallonsa ta wutsiyar ido. A gidajen nan ya ji labarin matarsa da bai taɓa ji ba: yadda ta hau rufin wani da ciki ana buga katako, yadda ta ciro maraƙin wani daga laka da igiya a ƙugu. Yana fita kowane gida da alkawari, da kuma kunyar da ta fi ta gidan baya.

Asabar ɗin ƙarshe, jajibirin tafiya, suka zo maza da mata. Sama ta yi nauyi, ana ɗan yayyafi. Aka jeru ana miƙa katako daga kafaɗa zuwa kafaɗa, guduma na tashi, ana yi wa Froilán shaƙiyanci ko a kawo masa doki ya duba aikin. Shi kuwa yana gaba yana baya, ya hana kansa sakat ya hana mutane.

Da la'asar katako ya ƙare, ga tafkin ana hango shi, ba a kai ba. Froilán ya rasa inda zai sa kansa. Hermógenes ya ce mutanen da suka saba jan gida sukutum a kan gungume in wani zai ƙaura ba za su gaza da tsohuwa ɗaya a keke ba. Ya sa aka bar katako biyu na ƙarshe ba ƙusa. Ninfa ta turo keken uwarta, in sun wuce katako sai a ɗauko na baya a ajiye a gaba, a haka a haka har ƙafar keken ta tsaya a bakin ruwa. Mutane suka ja baya, suka bar ta ita da mijinta.

Eduvina ta sunkuya, ta tura hannunta mai lafiya cikin gansakukar, ta matsa, ruwa ya bi tsintsiyar hannunta. Froilán har ya fara duban sama, ya ce gara su juya kafin ruwa ya sauko.

“Tsaya, tsoho,” in ji ta. Kalmomin na fita ɗaya ɗaya. “Duk ranar da jirginka ya tashi, nan nake zuwa in yi kukana. A gida yarinya na kallona. A coci mutane na kallona. Nan babu mai jin ka sai kwaɗi.”

Ta goge hannun a zanen da ke cinyarta.

“Gobe ni jirgi zai ɗauka. Na ce kada in tafi ban nuna maka wurin ba.”

Froilán ya cire rigar ruwansa ya lulluɓa mata. Da Hermógenes ya matso zai kama keken, Froilán ya tambaye shi ƙasa ƙasa ko mutum ɗaya zai iya jan katakon nan shi kaɗai, in ya so dawowa. Hermógenes ya dube shi, bai yi tsokana ba, ya ce zai iya.