Na Tsaya Masa Gardabu da Taɓarya

Shekarun baya, kafin Allah Ya karɓi maigidana, an yi wani lokaci da unguwarmu a nan Madarumfa ta gaji da mu. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. In kun ga magana ta tsinke, kuka ne ya tare ni.

Mai busa begila ne a soja, shi ke tada bariki da asuba. Busar suna ce mata rebe, ya ce mini kalmar Faransanci ce, ma'anarta a farka. Da ya bar aiki ya rataye begilar a ɗaki, ya kama lambu a bakin tafki.

Sai tsufa ya taɓa masa kai. Sunan ƴaƴansa ma ya fara ɓace masa. Wata asuba ana cikin salla na ji busa a tsakar gida. Jakuna suka ɗauki kuka, jariran maƙwabta ma suka ɗauka. Daga nan kullum ne. In ya gama sai ya yi ta waige-waige, ya fashe da kuka, ya bi ƙofofin mutane yana duka, ya yini bai ci komai ba.

Ƙaninsa ya zo daga Safo da amalanken jaki da igiya. Wai zai kai shi wurin wani mai magani da ke ɗaure masu taɓin hankali a turke har iska ta sake su.

Ya ce, "Matar Yaya, ba ƙin sa muke ba. Jiya liman sai da ya rikice a karatu."

Na ce, "Liman ya riƙe karatunsa da kyau. Igiyar nan kuma jakinka ya fi bukatarta."

"Ke dai bakinki bai tsufa ba. In kasuwa ta zagayo ba sauƙi, zan ɗauke shi, ko kina so ko ba ki so."

Na zauna ina tuna zamanmu na bariki. Can in ya busa, maza ke fitowa a guje su yi layi, sannan ya sauke begila. A nan yana busawa ba mai fitowa. Sojojinsa yake nema.

Washegari yana busawa na fito da taɓarya a kafaɗa, na buga ƙafa, na miƙe. Gwiwa tana ƙara, zane yana neman kwancewa. Ya zagaye ni, ya ce, "Gardabu! Ka makara, soja." Gardabu ita ce a ƙame a tsaye irin na soja.

Na ce, "Afuwa, shef," yadda sojoji ke ce wa babbansu.

Ya rataye begila, ya yi alwala, ya sha kununsa tas. Daga baya na ce masa umarni ya zo daga sama, ba busa sai an sallame salla. Bai yi musu ba.

Ranar kasuwa ƙanin ya iso da sassafe, ya tarar da ni a tsaye. Mata suna leƙe ta katanga suna dariya. Maigida ya hango shi a bakin zaure, ya daka masa tsawa ya shiga layi.

Na ce wa ƙanin a hankali, "Ko ka tsaya nan kusa da ni, ko ka ɗaure mu biyu."

Ya dubi yayansa, ya saki igiyar a ƙasa. Mutum da furfurarsa, ya zo ya miƙe a gefena, hawaye na bin gemunsa. Amalanke ya koma Safo wayam.

Haka na yi ta fitowa har ranar da ya kasa ɗaga begilar. Har yau akwai masu ce mini matar mahaukacin soja, wasu ma cewa suke na fi shi taɓuwa. Su faɗa. Ina kukansa kullum, ba na ɓoyewa. Amma a ɗakinsa ya cika, kansa a cinyata, kuma waɗanda suka yi masa wanka ba su ga tabon ɗauri ko ɗaya a ƙafarsa ba.