Taku goma sha biyu

A aji na shida na tsaya a lakwal, makarantar boko, nan Zinder. Abin da na fito da shi mai ƙarfi shi ne rabawa da gwajin tara. Mushenmu, wato malamin ajinmu, ya koya mana cewa in ka gama lissafi sai ka ja layi biyu su gitta juna, ka tattara lambobi har kowace ta koma ƙwaya ɗaya, ka zuba su a kusurwoyi huɗu. In ta dama da ta hagu suka zo daidai, lissafi ya yi. Na yarda da wannan shekara arba'in, ban taɓa tambaya ba.

Da mahaifinmu ya rasu ya bar gona ɗaya a wani ƙauye bayan Mirriya, doguwa, faɗinta kusan ɗaya daga farko har ƙarshe. Mu biyar ne, maza uku, mata biyu. Malamin ƙauyen ya ce kashi takwas za a yi, namiji biyu, mace ɗaya. Babban wanmu ya ce ba sai an wahala ba, zai duba da ido ya nuna wa kowa nasa. Na san idonsa. Ƙanwarmu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, ita ce za ta tashi da guntun da ke can gefen tsakuwa, ba ta kuma iya yi masa musu. Na ce a auna. Ya ce to, tunda ni ne na yi boko, in kawo lamba ranar Lahadi da hantsi, lokacin da dattawa za su zo a dasa gamba a kan iyaka. In babu lamba, ido zai yi aiki. Gamba kuwa in an dasa ta gaban shaidu, ba a tumɓuke ta.

Ranar Juma'a na taka gonar daga kai zuwa gindi, taku ɗari takwas da goma sha shida. Na zauna gindin gawo da bik na rubutu da takarda na raba da takwas. Takwas cikin takwas, ɗaya. Na sauko da ɗaya, takwas ba ta shiga, na sauko da shida, goma sha shida, sau biyu. Amsa goma sha biyu. Na ja layukana na yi gwajin tara. Shida a dama, shida a hagu.

Na ga dai goma sha biyu ta yi kaɗan. Amma gwaji ya fito, don haka na ce kuskuren a ƙafata yake. Na sake taka gonar. Ranar Asabar na taka sau biyu, ina jefa tsakuwa a aljihu duk taku ɗari. Tsakuwa takwas kowane karo. Na yi rabawar sau bakwai, har da sabon bik, ko tsohon ne ke da matsala. Abinci bai shiga ba. Na fara tunanin ko wani abu ne ya taɓa mini kai, na kuma fara shirya yadda zan gaya wa matata.

Ranar Lahadi da safe ƙanwar tawa ta same ni a zaure da takarda. Ba ta taɓa shiga lakwal ba.

"Yaya, nawa ne nawa?"

Na ce, "Bisa lissafi, taku goma sha biyu."

Ta dube ni. "Gona za ku ba ni ko wurin ɗaure akuya?"

"Gwaji ya fito."

"Duka nawa ka taka?"

Na gaya mata. Ta ce, "Ɗari takwas, kashi takwas, ɗari ɗari. Goma sha shidan nan, bibbiyu. Ina wahalar take?" Ta ɗauki tulunta ta shige cikin gida.

Maganarta ta zauna mini, amma ba a rubuce take ba, ni kuwa ba na iya tsayawa gaban dattawa da lambar da ban san ta inda ta fito ba. Na kira maƙwabcina na Zinder a salula, malamin lissafi ne a kwalej. Yana shirin tafiya majami'a, ina jin matarsa tana cewa za su makara. Na karanta masa aikin mataki mataki.

Ya ce, "Maƙwabci, da ka sauko da ɗaya, takwas ba ta shiga ba, me ka rubuta?"

"Ba komai. Ai ba ta shiga ba."

"To ba koman nan ake rubutawa. Sifili."

"Amma gwajin tara ya fito."

"Gwajin tara ba ya ganin sifili. Ko guda goma ka zubar, zai ce maka lafiya lau. Ni nawa ɗaliban, kafin su taɓa bik sai sun faɗa mini amsar za ta kai kamar nawa."

Na tambaye shi ko tun da can haka gwajin yake, ko daga baya aka canza. Ya ce tun da can. Na shiga tuna duk abin da na taɓa rabawa a rayuwata, har ya ce mini zai kashe waya.

Da hantsi na faɗa wa dattawa ɗari da biyu. Babban wanmu ya ce ya yarda, amma shi zai taka nasa kason. Ya fi ni tsawo da kusan kamu guda. Na ce masa, "Yaya, ƙafar da ta auna duka ita za ta auna na kowa." Wani dattijo ya ce haka ne.

Na sake taka gonar, karo na biyar, mutane tara suna bina a baya suna ƙirgawa da ƙarfi, wasu suna riga ni. Aka yi ƙuri'a da karan gero, gefen tsakuwa ya faɗa kan ɗan'uwanmu na tsakiya, na ƙanwarmu ya faɗo inda ƙasa ke riƙe ruwa. Da na kai ɗari da biyu na tsaya, ban ɗaga ƙafa ba har ta haƙa rami dab da babban yatsana ta dasa gambarta. Na ce ko in koma in sake ƙirgawa don a tabbatar. Ta ce in matsa, zan taka mata shuka.