Inuwar da ke Ƙofar Soron Kakanmu

Minna
Ana sallame Asuba Goggo Ladi, ƙanwar babana, ta tsaya a ƙofarmu a Tudun Fulani, rungume da tsohon zanen soron mahaifinta na Wushishi. An ce damina ta kusa cinye ginin, tana so ta gan shi kafin ya zube. A zanen, soron jar ƙasa ne mai zankwaye, ƙofa a rufe, babu kowa, sai wata baƙar inuwa a gefe. Tun muna yara Goggo ke cewa inuwar nan kaɗaicin gidan ce bayan rasuwar Kaka, ta kuma share hawaye. Ni dai cewa nake fenti ne ya zube, in sha ranƙwashi.

Hanya
Muka shiga ƙaramar mota muka bi ta Zungeru. A shingen hanya wani jami'i ya leƙo ya ce, "Mama, wannan fa?" Goggo ta soma ba shi tarihin inuwa tun daga tushe. Bai kai rabi ba ya ce wa direba, "Don Allah ku wuce."

Wushishi
Da hantsi muka isa. Soron ya tsage amma yana tsaye. Baba Ndagi, abokin Kaka mutumin Bida, ya sa aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi. Goggo ta miƙa masa zanen, ta nuna masa inuwar. Ya duba, ya duba, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Ladi, ai lokacin ubanki na da rai, lafiyarsa lau! Shi ne ya tsaya nan da babbar riga tun safe. Mai zanen ya iya gini, bai iya mutum ba. Da ya gama, sai ga ubanki kamar bunsuru. Ubanki ya ɗauko sanda, mai zanen kuwa ya shafe siffarsa da baƙin fenti."

Na ciji leɓe har ya yi zafi don kada in yi dariya. Goggo ta daɗe tana shafa wurin da yatsa. Ba ta da hoton mahaifinta ko ɗaya.

"Ashe yana ciki," in ji ta.

Komawa
Bayan La'asar muka yi wa Baba Ndagi godiya muka nufi tasha. Direba ya miƙo hannu zai sa zanen a but ɗin mota, inda aka loda doya.

Goggo ta ce, "Ubana za ka sa tare da doya?"

A kujerar gaba Kaka ya zo Minna, mu a baya. Allah Ya kawo mu lafiya, mun gode masa.