Wanda Yake Karɓar Zagi a Madadinmu

"Ki rage wa manhajar nan taki nauyi, 'yata," in ji Oga Boniface, yana miƙa wa Zara wayar wani mai adaidaita. "Kayan jaki kika ɗauko za ki ɗora wa akuya."

Zara ta ce ai ta riga ta rage. Ya ce ta ƙara, wayar talaka ba ta da babban ciki.

Haka safiyarsa take farawa a wani lungu na Kasuwar Sabon Gari: teburi, tsohuwar kwamfuta, igiyoyin caji sun harɗe kamar taliya. Sana'arsa tura wa mutane waƙoƙi da karatu a waya. Abin da ba kowa ya sani ba, teburin nan shi ne ƙofar matasa masu haɗa manhaja irin su Zara. Babban shagon manhajoji na intanet da dala yake yin rajista, katin bankinsu ya ƙi wucewa, masu wayar kuma suna tattalin data kamar gishirin miya. Sai Oga Boniface ya riƙa tambayar duk wanda ya zo: akwai wata manhaja 'yar gida, a saka masa? In ba ta yi ba, ya dawo ya zage shi.

Suna kuwa dawowa. Hajiya Fanta mai atamfa a Fagge ta ba da labarin ranar da manhajar Zara ta tallan zannuwa ta daskarar mata da waya, ana jajibirin Sallah. Ta zo ta wanke shi tas a gaban jama'a. Bai ambaci sunan kowa ba. Da yamma ya kira Zara, ya tace zagin, ya ba ta abin gyaran kawai. Yau Hajiya da manhajar take ciniki.

Kai ne garkuwar da ba ta taɓa cewa ta gaji ba, Oga. Kai ne ka shanye ɗaci ka miƙo mana magani. Mun gode, Allah ya saka maka. Masu rumfuna a Kano, ga hanya an share muku.

Yanzu idon Oga Boniface ya fara gazawa, ƙarshen wata zai koma garinsu. Tun da Zara ta ji, take tambayar kanta: in teburin ya tashi, ta ina sabuwar manhajarta da ta sauran yaran za su isa hannun mutane? Ya ce mata ta nemi aikin ofis, zaman nan ba na mai digiri ba ne, kuma fatarta ba ta yi kaurin shan zagi ba.

Ta dubi mai adaidaitan da ke jiran wayarsa, ta jawo kujerar kusa da kwamfuta, ta zauna.

"Oga, teburin nan ba zai tashi ba. Daga yau ni za a zaga."