Wa Ya Yanka Kazar?

Da yawanmu mun ɗauka taimako shi ne mu kai wa mabuƙaci abin da ya fi mana daɗi. Ni ma haka na koya wa matasan majami'armu.

Baba Sale, wani Musulmi ɗan dakon da ke ɗaukar mini kaya a kasuwa, ya karye a ƙafa, wata biyu ba aiki. Ranar Lahadi muka dafa shinkafa da miyar kaza, muka kai masa gida a Ƙofar Na'isa. Ya yi ta sa mana albarka.

Washegari na koma ɗaukar kulolinmu. Ta shinkafa an cinye tas, ta miya kuwa ko cokali bai shiga ba, har ta lalace.

"Baba, gishiri ne ya yi yawa?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Haba Malama, ƙamshinta har zaure! Ban dai san wanda ya yanka kazar ba, kuma na ji nauyin tambayarki."

Alhali Musulmi ne ya yanka mana ita a kasuwa. Saboda kawai ban faɗa masa ba tun farko, 'ya'yansa suka ci gayan shinkafa.

Kafin ku ɗora tukunyar taimako, ku je ku zauna, ku tambaya tukuna. Ku gwada, ku dawo nan ku ba ni labari.