Rawar Hannun Yaya

Yayata mai zanen lalle ce. In biki ya taso a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ko Sallah ta matso, tsakar gidanmu cika yake da mata, kowacce ta miƙe ƙafa a tabarma tana jira. Ni aikina fifita wa waɗanda aka gama wa. Nakan shagala da kallon yadda fure yake fitowa daga bakin ledar nan mai tsini, kamar dama yana kwance a cikin fatar, ita tashinsa kawai take yi.

A gidan biki ta koyi shan maganin tari. Wata ƙawar amarya ce ta miƙa mata a robar lemo, wai yana kashe ciwon baya, tunda a duƙe take wuni. Mun fi shekara muna ganin robar a gefenta ba mu gane ba. Sai da ta fara magana ita kaɗai, ta daina wanka, rannan ta fita titi ba mayafi wai ana kiranta, sannan Baba ya sa ta a adaidaita sahu zuwa asibitin masu taɓin hankali. Wata biyu ta yi.

Ranar sallama likita ya ce a ba ta magani kowace safiya, kada a tsallake. Umma ta damƙa min ledar maganin ta ce, "Ke ce 'yar boko, ke kika iya karanta takardar."

Maganin ya dawo mana da ita. Tana ci, tana salla, har tsokanata take yi. Amma ya sa mata rawar hannu. Ta gwada zane a tafina, layin ya fito a karkace. Ta goge da gefen zaninta.

Saura kwana biyar Babbar Sallah, matan layinmu suka fara wucewa ta ƙofarmu zuwa wajen wata mai lalle a Unguwar Gano. A tsaye suke leƙowa su ce, "Ya mai jiki?" su wuce. Da safen nan na kawo mata ƙwayar da kofin ruwa, sai ta riƙe min hannu.

"Auta, ki ɗaga min ƙafa zuwa Sallah."

"Yaya, likita fa ya ce..."

"Likitan ya taɓa yi wa wata ƙunshi? Dubi nan, kamar mai tankaɗe. Ana saukowa daga idi zan ci gaba. Umma ba sai ta ji ba."

Na kalli yatsun nan suna karkarwa a wuyan hannuna, na kasa cewa a'a. Na riƙa zuba ƙwayoyin a tsohon gwangwanin man shafawa. Ranar jajibere hannunta ya lafa. Ta zana min reshe tun daga ɗan yatsa har gwiwar hannu, ta sa min jan lalle a farce. Maƙwabciyarmu ta gani ta yi guɗa, kafin la'asar tabarma ta cika.

Bayan Sallah na kawo mata ƙwayar da kofin ruwa, ta ture. "Na warke, ba ki gani ba?" Kullum sai in ce yau zan faɗa wa Umma, sai in tuna asirin kaina zan fara tonawa, in bari sai gobe. Sati uku ina haka. Sannan na tsinci robar lemo a bayan randa, kwana biyu tsakani ta koma magana ita kaɗai.

A asibiti likita ya tambaya ko tana shan magani. Umma ta ce, "Kullum, ga mai ba ta nan." Na ciro gwangwanin daga jaka na ajiye a teburinsa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi da mun zo mun faɗa masa zancen rawar hannun, da ya rage mata ko ya canza wani. Umma ba ta kalle ni ba har muka hau adaidaita.

An sake kwantar da ita, yanzu ranar Asabar nake zuwa dubiya. Zanen ya goge tuni, jan farcen ne ya rage rabi, yana hawa sama. Zuwana na ƙarshe ta juya hannuna ta duba, ta ce, "Wannan ya koɗe. Ki zo da lalle in sabunta miki." Yatsunta suna rawa a kan nawa. Na ce to.